Lambar da Ta Kai Mu Cadakori

A duk faɗin Gangara, har ka dangana da Agiye, babu lambar wayar da ta taɓa ɓoye mini mai ita. Haka nake faɗa a kasuwa, a bakin masallaci, har a gidan suna, tun ranar da na sa wata manhaja a salulata. Kana rubuta lamba, sai ta fiddo sunan da mutane suka ajiye mai lambar da shi, wani lokaci har da garinsu. Na sha gaya wa jama'a ko aljani ne ya kira ka ya kashe, kawo lambar, in gaya maka tsamiyar da yake kwana.

Ana cikin haka san noman yayana ya tsinke igiya ya ɓace, ga hadari ya fara haɗuwa. Sa ɗaya gare shi. In ruwa ya sauka babu shi, gonar nan sai dai hauya, shi kuwa Yaya bayansa ya daina yarda da hauya. Kwana uku muna yawon daji. Rana ta huɗu wata baƙuwar lamba ta kira Yaya, murya ta ce, "Kai ne mai jan sa mai karyayyen ƙaho? Yana wurina, ni ne a..." Sai ɗif. Muka kira har yatsa ya gaji, a kashe.

Na ce, "Yaya, share gumi. Wannan aikina ne."

Na rubuta lambar ina karkata hula. Manhaja ta ce: Mai Gishiri Cadakori.

Matar Yaya, wadda tun da aka kawo ta gidan ba ta taɓa barin maganata ta wuce lafiya ba, ta leƙo daga madafa. "Cadakori? Bayan Maradi? Mota san ya hau?"

"Ke dai ki ji da tukunyarki. San nan na san shi, in ya fusata jirgi ba ya kama shi."

"To a gaida su. Ni dai a bar mini wayar maigida, kada a kira ba kowa."

Muka bar mata don ta yi shiru. Da safe muka hau mota zuwa Agiye, daga nan Maradi, daga nan wata da ta ɗauki mutum kamar ɗari da awaki kamar dubu. Duk hanya ina yi wa fasinja bayanin ilimin zamani. Yaya kuwa sama kawai yake kallo ta taga, yana auna hadari.

Kuma fa manhajata ba ta yi ƙarya ba, wannan ina so a rubuta a ajiye. Akwai mai gishiri a Cadakori, dattijo mai fara'a, yana zaune a bayan buhunansa. Na nuna masa lambar kamar jandarma ya kama ɓarawo.

Ya duba, ya yi dariya. "Layina ne, da katina na yanke shi. Amma na daɗe da ba wani Bafulatani abokina, mai sayen gishirin shanu a wurina in sun biyo ta nan. Ba shi da katin ɗan ƙasa, ba za a yankar masa ba. Irinsa sun kai biyar da ke yawo da sunana."

Yaya ya matso. "Baba, yanzu ina yake?"

"Warhaka? Gabas yake sauka kafin damina. Wani gari ne can wajen Gazawa... Gangara, ina ji. Kun san shi?"

Na ce mun taɓa jin labarinsa.

Muka kwana a tasha, muka juyo washegari, ranar kasuwarmu. Yaya bai zage ni ba, abin da ya fi zagi ciwo ke nan. Da la'asar muka shiga gida, sai ga jan sa ɗaure a turkensa yana cin harawa, yana kallona kamar ni ne na ɓata. Yaya ya rungume wuyansa, har da ƙwalla.

Ashe makiyayin rugarsa na bayan gari, tafiyar da ba ta isa tauna goro guda ba. Wayarsa wuta ce ta ƙare mata a tsakiyar magana, kuma kamar sauran mutanen ruga, ba ya samun sharji sai ranar kasuwa, a rumfar mai sola. Matar Yaya ta san da haka, kowace mace mai sayen nono ta san da haka. Ta jira hantsin ranar kasuwa, ta danna lambar sau ɗaya, ya ɗauka, ya koro san har ƙofar gida.

Na gyara murya na ce, "Duk da haka dai, sunan da manhaja ta bayar daidai ne. Mun ga mai gishirin da idonmu."

Ta miƙo mini ruwa a moɗa, ta dubi hannuna wayam.

"Sannu da ƙoƙari, mijina. Har Cadakori gun mai gishiri, ko na miya ba ka riƙo mini ba?"