Tagar Usaini a Gindin Kwalekwale

Ku da kuka san Usaini Kafinta kun san ba ya wuce abu mai danƙo bai dangwala yatsa ba. Ƙaro a jikin bishiya, kakin zuma a kasuwa, har miyar kuɓewar da ke gabansa sai ya ja ta tsakanin yatsu biyu ya ga iyakar yauƙinta. In an yi masa dariya ya ce babu abin da ba ya mannuwa a duniya, sai dai ba a samo ƙaronsa ba. Ni taubashinsa ne, don haka na fi kowa tsokanarsa, na kuma fi kowa asara a hannunsa.

Bayan an gama yaƙin Bama na zamanin Turawa, wani soja ɗan Kafin Hausa ya dawo da gilashi mai faɗin faifai, wai daga tagar jirgin sama aka ciro shi. Ba shi da nauyi, ko ya faɗi ba ya fashewa. Usaini ya yi wa sojan ƙofa da gado ya karɓe shi. Matarsa Ya Fanna ta so ta riƙa shanya barkono a kai, ya ce haba, wannan ai taga ce, kogi za a yi wa.

Dalilinsa duk Haɗejiya an sani, ko da yake ba a faɗa a gabansa. Usaini ɗan tagwaye ne. Suna yara ruwan damina ya tafi da Hasan a fadama, ba a ga gawarsa ba. Uwarsu, don ta lallashe shi, ta ce Hasan ya koma wani gari ne a ƙarƙashin ruwa, ta kuma rantsar da shi kada ya taɓa nutsa kansa a kogi. Ya riƙe alkawarin har furfura. Amma in muna zaune a bakin ruwa da la'asar sai idonsa ya yi nisa, ya shiga ba ni labarin garin nan: hanyoyi na farin yashi, rumfunan ganyen bado, tarwaɗa suna kiwo kamar awaki.

"Ban ce zan shiga ba," in ji shi. "Inna ba ta hana leƙe ba."

Kwalekwalen da ya zaɓa nawa ne. Na je cin kasuwar Jahun, na dawo na tarar da rami a gindinsa. Ina ta faɗa, shi ko ya ce ba ɓata shi ya yi ba, ido ya yi masa, in gode.

Da ƙaro ya fara manna gilashin. Ya bushe tsaf, muka tura. Ba mu wuce ruwan gwiwa ba ƙaro ya narke, kogi ya shigo ba sallama. Ga Usaini zaune cikin ruwa har ƙugu, ya ɗaga gilashi sama, yana kiran a ceci taga. Na ce masa ko yaro ya san ƙaro ba ya shiri da ruwa. Ya ce ƙaro bai yi laifi ba, kogin ne ya cika jiƙa.

Daga nan ya dafa fatar shanu da kofato a tukunyar miyar Ya Fanna, ya manna gilashin da danƙon da suka yi. Warin ya kori unguwa, ita kuma ta tuna tana da 'yan uwa a Kirikasamma da ta daɗe ba ta gaisar ba. Kafin abin ya bushe karnuka sun lashe shi tas. Cikin fushi ya ɗauko tsohuwar ƙusa, irin waɗanda yake tsinta yana miƙarwa, ya buga. Gefen gilashin ya tsage. Wallahi tabarma ya shimfiɗa a ƙofar gida ya zauna jugum. Masu wucewa suka ɗauka rasuwa aka yi, suka yi ta ba shi haƙuri, shi kuma yana amsawa.

A ƙarshe ya sassaƙa wa gilashin mazauni a cikin katakon, ya cika shi da kakin zuma da danƙo, ya danne gefuna da siraran katako. Ko ɗigo bai shiga ba.

Muka fita da hantsi, ina tuƙi, shi yana kwance rub da ciki, fuskarsa a kan taga. Ruwanmu kuwa kun san shi, kamar kunu yake. Na san babu abin da zai gani. Na tanadi tsokanata tun daga gida, amma da na ga yadda ya ƙanƙame bakin katakon sai tausayi ya kama ni, na haɗiye ta. Muka kai daidai fadamar da abin ya faru, na tsayar da jirgi. Ya ƙara matso da fuskarsa kusa da gilashin. Can na ji ya yi magana a hankali.

"Hasan. Ashe kai ma ka yi furfura."

Gilashi a kan ruwa mai duhu madubi yake zama. Ko ya san haka, ban tambaye shi ba, har ya bar duniya. Ya ɗago, ya share ido da hannun riga, ya ce, "Mu koma, Taubashi. Yana nan lafiya."

Bai sake neman shiga kogi ba, bai kuma toshe mini ramin ba. Na yafe masa kwalekwalen. Allah Ya jiƙan Usaini, Ya haskaka kabarinsa, Ya sada shi da Hasan a inda babu gilashi a tsakaninsu.