Gyaɗar Iri da Masu Zuwa Gaishe Ni

Bazara ce, irin wadda hadari kan haɗu ta wajen Kwanyawa da la'asar, ya yi ta gurnani sannan ya watse. Shekarar nan kowa a ƙage yake. Ni kuwa babban yatsana ya kumbura, ga gyaɗar iri jingine a buhu ba a ɓare ba. Iri ba a kai shi inji, don inji fasa ƙwaya yake yi, sai dai hannu. In ruwan shuka ya sauka ba a gama ba, maigida zai tsaya ne yana kallon maƙwabta suna shuka.

'Yata ta fari ta dawo daga karatun kwamfuta da alkawarin za ta taya ni. Amma tun da ta sauka take durƙushe gaban wata tsohuwar kwamfuta da ta haɗa da sola. Ta ce a cikinta ta gina wata kwamfutar, wadda ba a taɓawa da hannu, ita ce za ta riƙa raba wa wayoyi intanet a shagon da take son buɗewa a Rogo. Na leƙa ta ramin fanka, ban ga kowa ba.

Kwamfutar cikin nan ba ta da sauri. Akwai wani kati mai sauri da 'yar tawa ta saka a na'urar, ta nan intanet ke shigowa, to amma duk saƙon da ya zo sai ya bi ta hannun ta wajen, a yi sallama, a jira iso, kafin ya isa ciki. Nakan zauna gefe ina bin rubutun allon da bokona na yaƙi da jahilci. Kafin in haɗa kalma guda, ya gudu sama.

Wata rana da hantsi ta ɗago ta ce, "Inna, na fasa mata tata ƙofar. Yanzu kai tsaye take magana da katin."

Na ce madalla, ga buhu can. Ta ce saura gwaji, sai wayoyi da yawa sun hau a ga ko za ta ɗauka. Mutum ɗaya ta gaya wa, 'yar ƙanwar maigida.

Kafin azahar gidana ya cika da masu zuwa gaishe ni. Ita kanta ƙanwar maigidan, wadda rabonta da gidan tun sallar bara, ta taso daga Kafin Dafga a kan acaɓa. Ta tambayi kwanana, ta tambayi gajiya, da zafi, da yara, da awaki, idonta yana kan waya. Da gaisuwa ta ƙare ta sake ɗauko ta daga farko. Baƙo ba a korarsa, ba a kuma tambayarsa me ya kawo shi. Na yi ta dama fura da yatsa mai ciwo.

Da suka watse na tambayi 'yata a hankali ko abin nan ana iya rage masa nisa. Ta ce ana iyawa. Na ce to ya tsaya iyakar inuwar rumfa.

Da gari ya waye na shimfiɗa tabarma a rumfar, na juye gyaɗa a tsakiya, na ajiye ƙwarya a gaban kowane wurin zama. Suka zo, suka yi ta yawo a tsakar gida da waya a sama, har ƙafa ta kawo su tabarma.

Ƙanwar maigida ta ce, "Yaya, sabis ɗin naku ya san inda aiki yake."

Na ce, "Ni ma haka na gani. Jingina wayar a gwiwa, hannu biyu yake so."

Sai ga wata matsalar: rabin abin da aka ɓare baki yake tafiya. Na shiga ɗaki na ɗauko ƙunshin maganin iri mai guba, ko buɗe shi ba a yi ba, na ajiye a bakin tabarma inda kowa zai gani. Tauna ta tsaya cak. Wata har ta je bayan rumbu ta kurkure baki.

'Yata tana ɗaki tana murna, wai duk yawansu na'urar ko tari ba ta yi ba. Buhu ya kwanta ranar da hadarin Kwanyawa ya daina wasa, aka sheƙa ruwa kafin magariba.

Washegari na miƙa wa maigida irinsa ya nufi gona. Na share rumfa, na shimfiɗa tabarma, na jawo buhun ɗorawa tsakiya, na zauna ina jiran sallama.