Ranar da Baba ya ƙi amsa sunan talaka

Shekarar da aka kulle ƙanena a gidan kaso na Magaria, gona ɗaya ta kirki ta rage mana, ta bakin tafki, wadda ko damina ta yi gardama ba ta hana mu dawa. Faɗa ya yi da wani a bakin rijiya kan shayar da dabbobi, ya kai masa sanda, mutumin ya rasa ido. Ban ce ya kyauta ba. Amma kowa ya gaya mana shari'a irin wannan, in babu avoka, wato lauya, sai ya tsufa a ciki. Avoka kuwa daga Damagaram ake ɗauko shi, kuma ba mu da abin biyansa sai gonar nan.

Ni ne na yi lekol a gidanmu, na tsaya a aji shida, saboda haka ni aka tura. A gidan shari'a wata mata ta zaunar da ni a ɗan ofishinta, ta yi mini bayani da Hausa tsaf, Allah ya saka mata. Ta ce shawara kyauta ce ga kowa. Avoka kuma gwamnati ke biyansa idan mutum ba shi da hali, ko dala kada mu ba shi. Namu kuɗin mota ne da ɗan abin da takardu za su ci. Abu guda ake so, takarda daga meri, wato ofishin ƙaramar hukumarmu, mai shaida cewa mu matalauta ne. Na hau kabu-kabu na dawo ina murna kamar wawa.

A meri aka ce tunda ƙanena daga rumbun Baba yake ci, sai maigida ya zo da kansa, kuma ranar kasuwa ake samun mai sa hannu. Ranar, Baba ya fito da rigarsa ta Idi, ita ke nan ta kirki gare shi. Na ce ya sa ta gona. Ya dube ni kamar na zage shi.

Mun tarar da benci cike. A cikin masu jira har da surukinmu, uban matar ƙanena, wanda Baba ya karɓi ɗiyarsa da alkawarin ba za ta kwana da yunwa ba. Suka gaisa, suka daɗe suna gaisawa. Sannan sakatare ya kira mu, ƙofa a buɗe, muryarsa kamar ta mai shela.

"Baba, hatsinku zai kai ku kaka?"

Rumbunmu tun kafin ruwan fari ya ga ƙasa, awo muke yi. Baba ya gyara zama.

"Alhamdulillahi. Asirinmu a rufe yake."

"Dabbobi fa?"

"Ba a rasa ba."

Awaki biyu ne, ɗaya ma ta uwarmu ce. Na buɗe baki, Baba ya ɗaga mini hannu bai ko juyo ba. Sakatare ya ajiye alƙalami ya ce to ai tsoho da bakinsa ya ce yana da hali, shi ba zai rubuta ƙarya ba.

Nan ne har yau raina ke tafasa. Sakataren nan ɗan ƙasar nan ne, ba daga Faransa aka kawo shi ba. Ubansa ma haka zai amsa. Ya san dattijo ba ya tona cikinsa gaban suruki ko da wuƙa a wuya. Tura ƙofa kawai zai yi, ko ya tako garinmu ya leƙa rumbun. Waɗanda suka tsara abin a Yamai kuma, sun ce kyauta ne. Ƙarya ne, ba kyauta ba ne. Sai ka tuɓe a kasuwa tukuna. Mai kunya ya koma gida hannu wofi, marar kunya mai shanu a daji ya zo da tsumma ya karɓi takarda. Na ga irinsu da idona.

A hanya na roƙi Baba mu koma wata rana da ba kowa, ko mu tafi da maigari ya yi mana shaida. Na faɗa masa maganganun da ɗa bai kamata ya faɗa ba. Sai da muka kusa gari ya tanka.

"Kai, na riga na faɗa gaban mutane. So kake in koma in ce ƙarya na yi?"

Kafin wata ya mutu ya sai da gonar ga wani ɗan kasuwa na Dungas. Avoka ya zo, ya yi aikinsa, ba ni da ta cewa a kansa. Aka sassauta wa ƙanena, ya fito bayan damina ta biyu. Yanzu shi ke yi wa ɗan kasuwar ƙwadago a cikinta, ana sallamar sa da yamma kamar baƙo. Baba ya rasu mutane suna yabon sa, wai bai taɓa kai kukansa wurin kowa ba. A zaman makoki duk wanda ya faɗi haka, ni dai ban ce amin ba.