Rumbun Yaya Sale da Sifanar da Na Ƙi Riƙewa

Shekara bakwai ke nan cif da muka kai wana Sale makwancinsa, kuma har yau in na ji ana buga wa taya iska sai na waiwaya. Mai gyaran keke ne a gindin wata darbejiya a Sabon Garin Wudil. Ni ƙaninsa ne, malamin firamare, kuma na fi shekara talatin ina jin kunyar baƙin man da ke hannunsa. Gara in faɗa da bakina kafin wani ya faɗa mini.

Yaya Sale yana da wata ɗabi'a da ta hana masu gaggawa ƙaunarsa. In ka kawo faci ba zai karɓi keken ya ce je ka dawo ba. Kai za ka tsuguna gaban daron ruwa, ka tsoma tif, kana juyawa har ka ga inda iska ke fitar da kumfa. Kai za ka riƙe sifana. Yakan ce mutumin Achika ko Ɗankaza da tayarsa ta sace a tsakiyar hanya, ga buhun albasa a kariya, ba Sale zai gani a wurin ba, hannunsa zai gani. Na sha gaya masa da kansa yake kashe kasuwarsa. Sai ya miƙo mini sifana ya ce, "Riƙe min nan, Malam." Ni kuwa in dubi farar rigata in hau babur ɗina.

Bayan rumfarsa akwai tarin matattun kekuna. Ni bola nake kiran wurin, shi kuwa rumbu. Wanda fedarsa ta karye ko sarƙarsa ta tsinke ya shiga ya zaɓa, ba a karɓar ko sisi. Ranar da kekensa ya mutu, ko na wani nasa, sai ya kawo gawar nan. Duk mai keke a ƙasar nan ya san wannan, ban da ni. An ce matambayi ba ya ɓata, to ni ban taɓa tambaya ba.

Bayan sadakar arba'in aka zo maganar gado, na lissafa tarin cikin abin da ya bari. Matarsa Yaya Hajara tana takaba, ga marayu, sai na kira 'yan gwangwan, masu sayen tsohon ƙarfe. Allah ya sani alheri na nufa. Suka kafa sikeli ran Juma'a, ranar kasuwa, kura guda ta cika ta tafi. Ana cikin loda ta biyu sai ga wani dattijo daga Achika, Malam Ado, yana turo keke da tsohon wili ɗaure a kariya. Ya yi mini gaisuwa, ya daɗe yana kallon sikelin.

"Malam, ai wannan ba gado ba ne," in ji shi. "Ajiya aka ba marigayi. Sirdin mahaifina yana ciki. Ga wannan ma na kawo."

Ya kwance wilin ya ɗora a kan abin da ya rage, ya wuce masallaci. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Kayan jama'a na sa a sikeli, saura kaɗan in ciyar da marayun ɗan'uwana abin da ba nasu ba. Na sallami 'yan gwangwan, amma kurar farko ta riga ta yi nisa, kuma da na sani ƙeya ce. Da labari ya kai wa Yaya Hajara, daga bayan labule ta ce kada kuɗin ya shigo mata gida. Da shi aka sayi famfon buga iska da sabon daro, aka bar su a gindin darbejiyar.

Nakan tambayi kaina me Yaya Sale zai ce in ya ga Wudil ta yau. Fetur ya gagari talaka, kekunan da aka jingine a zaure shekara da shekaru sun fito, an karkaɗe su. Ɗaliban jami'ar garin nan, waɗanda da suke ganin keke abin ƙauye ne, yanzu su ke layi gaban daron. Wani malaminsu ya tsaya rannan ya yi mana dogon bayani, wai ƙasashen da suka ci gaba nan suka dawo, saboda hayaƙi da zafin duniya. Gaskiya ya faɗa. Amma na san Yaya Sale. Zai saurare shi har ƙarshe, ya ce da tsohuwar zuma ake magani, sannan ya miƙa masa sifana.

Ba a naɗa kowa a madadinsa ba. Ran Juma'a waɗanda ya taɓa tsugunarwa gaban daro su ke zuwa, wanda ya iya ya nuna wa wanda bai iya ba. Rumbu ya sake cika, kuma ba wanda ya taɓa goranta mini rabin da na sayar. Wannan shirun ya fi zagi ciwo. Bai bar gidan bulo ba, bai bar gona mai faɗi ba. Hannuwa ya bari, daga nan har Ɗankaza, kuma alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza.

Ni ma na jingine babur, keken Yaya Sale nake hawa zuwa makaranta. Juma'ar da ta wuce tayar baya ta sace, na turo shi gindin darbejiya ina sa ran wani zai tausaya wa furfurata. Malam Ado, wanda tsufa ya rusunar da shi yanzu, ya nuna mini daron kawai. Na naɗe hannun farar rigata na tsuguna, na juya tif ɗin har na ga kumfa. Da na zo mayar da wili ya miƙo mini sifana ya ce, "Riƙe nan, Malam."

Yaya, na riƙe. Allah ya jiƙan ka, ya sa Aljanna ce makomarka.