Kaset Goma Sha Biyun Da Yayana Ya Bar Mini

Edita, a lokacin da abin nan ya faru ni yarinya ce mai buga tafireta a wata ma'aikatar gwamnati, ban daɗe da aure ba, muna haya a Unguwar Kanawa. Har gobe ina kewar Kadunan wancan zamanin. Ranar Asabar yayana zai zo ya ɗauke ni a besfarsa mu tafi Babbar Kasuwa, kyamara rataye a kafaɗarsa, yana tsokanata wai mijina bai iya kiwo ba tunda har yanzu iska na iya ɗauke ni. Mai ɗaukar hoto ne a gidan talabijin, ga taurin kai, har aka sallame shi don ya ƙi yanke wani wuri a hoton da ya ɗauka, wanda manya suka ce a yanke. Mulkin soja ake yi, kowa in zai yi magana sai ya waiga.

Da aka sallame shi sai ya shiga bin gidajen da aka kama musu mutum ba a sake jin ɗuriyarsa ba, yana ɗaukar bayanin iyalan. Sau ɗaya na raka shi Rigachikun, saboda mata sun fi sakin jiki in da mace a wurin. Wata tsohuwa ce, ɗanta direba. Sai da ta shiga ta sako mayafinta na zuwa biki, tana dariya tana tambaya ko ta yi kyau, sannan ta zauna ta faɗi yadda aka tafi da shi yana cikin wanke mota. Ta ce ba don kanta take faɗa ba, so take jikokinta in sun girma su ji daga bakinta cewa ubansu ba ɓarawo ba ne. Yaya ya yi mata alkawarin za su ji.

Da aka fara nemansa, ya kawo mini kaset na bidiyo goma sha biyu masu ɗauke da bayanan iyalan, kowanne ya rubuta masa "Tafsiri" don kada mai bincike ya kula. Ya ce amana ce, ya bi ta Katsina ya tsallaka Nijar, daga can ya wuce Turai.

Ba a yi sati biyu ba wasu mutane suka je ofishin mijina suna tambayar inda surukinsa yake. Ina da ciki wata biyar, tsoro ya hana ni cin abinci. Na ce in suka zo suka saka kaset ɗaya a bidiyo fa? Ƙonawa ba za ta yiwu a gidan haya ba, warin roba zai tara mini mutane. Sai ga azumi ya kama. Dama Yaya ya riga ya ɓalle ɗan harshen nan na jikin kaset da ke hana a yi ɗauka a kai, amma a wurinsa na koyi cewa salatif na toshe ramin. Kullum in na dawo aiki ana nuna tafsiri a talabijin, sai in saka kaset ɗaya in danna ɗauka, in koma wajen suyar ƙosai. Kwana goma sha biyu na gama da su. Har lallashin kaina nake wai ai da karatun Allah na maye gurbinsu. Kuma babu wanda ya taɓa zuwa bincike gidanmu.

Shekaru suka yi ta tafiya. A can ya yi suna, ya shirya finafinai kan mutanen da aka kora daga ƙasashensu da waɗanda suka ɓace a hannun hukuma, amma kullum cewa yake fim ɗinsa na gaske yana cikin akwatina. A wasiƙa, daga baya a waya, zai tambaye ni amanarsa, in ce tana nan lafiya. Soja suka sauka, tsoro ya wuce, kunya ta ci gaba da rufe mini baki.

Da ya dawo gida gaba ɗaya, kansa fari fat, ya zo da tsohuwar bidiyo da ya sha wahalar nema. Ina kallo ya saka kaset na farko, malam ya bayyana ana ja masa baƙi. Ya saka na biyu, ya saka na uku. Nan na durƙusa na faɗa masa komai ina kuka. Sai ya ce, "Ƙanwata, gogewar ban ga laifinki ba, ni na gudu na bar ki da su. Amma da kin faɗa mini, da na aiko an sake ɗauka. Tsohuwar nan ta Rigachikun ta kai shekara tara a raye bayan saukar soja." Washegari ya tafi Rigachikun shi kaɗai ya ba jikokinta haƙuri, ni ban iya bin sa ba.

Ya yafe mini, har ya koma tsokanata, amma ni ban huce da kaina ba. Abin da na gane shi ne, tsoro kwana goma sha biyu kawai ya sa ni ɓarna, sauran shekarun duk ni ce na zaɓi yin shiru don kada a gan ni da laifi. 'Yan'uwa, in an ba ku amana kuka gaza, ku faɗa tun waɗanda abin ya shafa suna numfashi. Ni sai da aka binne duk waɗanda suka ba da bayanan nan na buɗe baki.