Layin Bai Sauka Ba

Shekarar da sojoji suka ce za su miƙa mulki, ina aiki a buron wani proje na tallafa wa manoma a Agiye. Talho ɗaya gare mu, kuma kusan na gari ne, don duk mai ɗan'uwa a nesa lambarmu yake bayarwa. Layin nan dai shi ordinater, wato kwamfuta, ke hawa in za ta aika saƙo ta intanet. In ta gama, takan sauka da kanta.

Wata Juma'a darekta ya kunna mata aike, ya kulle ɗakinsa, ya tafi taron zaɓe da makulli a aljihu. Ni aka bar wa kan talho na baranda.

Bayan an sauko daga masallaci wani dattijo ya iso daga wani ƙauye na wajen Gazawa. Ya ce an kai wata yarinya ta gidansu asibitin Maradi, haihuwa ta zo da gardama, kuma mijinta ya yi alkawarin kira da azahar. Na ɗaga kan talho in ji ko yana aiki, sai ƙara kamar ana yanka ƙarfe. Ordinater ba ta sauka ba.

Na yi ta danna maɓallin ajiyewa. Takan saki, kafin in ja numfashi ta sake hawa. Na sauke wutar buro gaba ɗaya, ashe batiran nan da muke yi wa baƙi fankama da su sun riƙe ta. Na zagaya taga da karan dawa ina zungura ta tsakanin ƙarafuna, bai kai ko teburi ba. In na yanke waya daga waje, duka na kashe. In ce in kira darekta, to da me? Raina ya ɓaci, har na zagi na'urar da ba ta da uwa.

Na ce wa dattijon ya shiga mota, Maradi ba nisa. Ya sunkuyar da kai. Gardinmu mai gadin buro ne ya ja ni gefe ya ce 'yarsa ce ta fari, kuma su mutanen kunya ne: ba ya kiran sunanta, balle a gan shi tsaye a ƙofar ɗakin haihuwarta. Talhon nan kaɗai ya rage masa.

Da ya ga ina ta gumi, shi ya koma yana ba ni haƙuri. Na kara masa kan talho a kunne ya ji da kansa.

"Ɗana, bari su ƙare tasu," ya ce. "Ba a katse ma mutane magana."

Na kasa gaya masa. Muka yi la'asar tare, ya ƙara zama, har motar ƙarshe ta garinsu ta fara kiran fasinja. Ya yi mini godiya, godiyar da ta fi zagi ciwo, ya tafi.

Da safe darekta ya dawo, ya taɓa abu ɗaya, layi ya sauka. Ba a jima ba talho ya yi ƙara. Mijin ne. Jariri ya rayu, ita ba ta kai magariba ba, kuma ta yi ta tambayar ko baba ya ji. Ya ce ya kira har ya gaji, kullum a ce ana magana.

"Malam, wa ka magana haka tun azahar?"

Na ce masa ba kowa.