Azumin Ziblim a Cikin Tanki

Ziblim ba ya iya zama wuri ɗaya. Ko a masallacin unguwarsu ta Lozells, kafin a shafa addu'a ya riga ya lalubo takalminsa. A shekarun tsuke bakin aljihu council, wato hukumar gari, ta rufe wurin ninkayar da yake aiki, sai ya dinga bin motar Manchester zuwa wani ƙaramin kamfani mai gwada na'urar numfashi ta masu nutso a teku. Na'urar ba ta zubar da iskar da mutum ya fitar, tace ta take yi da wani farin gari ta mayar masa. In garin ya gaji, kai ne ke fara sarawa. Aikin Ziblim ya goya ta, ya nutse a tankin ruwa yana taka keken motsa jiki, in ya ji wani abu ya ja igiya.

Alice, shugabar gwajin, ta hana kowa shiga da yunwa. Sai ga azumi a tsakiyar summer, lokacin zafi da dogon yini, ga kuma raɗe-raɗin za a rage ma'aikata.

"Baban Asmawu, ka faɗa mata mana," in ji matarsa Sherifatu.

"In faɗa a ba wani shift ɗina? Ni da na yi dako da azumi a Kumasi? Haba!"

Bai faɗa wa Alice ba. Ranar gwajin sabon gari, yana ƙasa yana taka keke kansa ya soma sarawa. Azumi ne, ya ce wa ransa, jiya ma haka na ji. To in garin ne fa? In ya daure, za a ce na'ura lafiya lau, a goya wa ɗan wani a tsakiyar teku, inda babu mai jawo shi. Tsoro ya kama shi, wallahi, tsoron sallama da tsoron alhaki. Ya ja igiya.

Alice ta durƙusa a bakin tanki. "Me ka ci yau?"

"Ban ci komai ba. Azumi nake."

Aka soke gwajin, aka ce za a sake da wani ma'aikaci, shi kuma ya yi ta jiran waya, ba a sake kiransa ba.

Yanzu kaya yake jerawa a wani shago a unguwar Erdington. Kan nasa yana sara masa wani lokaci, sai ya tsaya cak da kwali a hannu. Har yau ba wanda ya gaya masa ko garin ne ko yunwa.